Tafiyata Kano da Kakin Iya da Nonon Saniyarta

Tun da na dawo daga Kano 'yan fadarmu suka hana ni shan shayi cikin kwanciyar hankali. Wannan ya ce yaya birni, wancan ya ce ina tsaraba. Sani mai gyaran babur har cewa ya yi ko mata na je nema aka hana ni, tunda na tafi ba sallama na dawo a rame. Na gaji da ba da labari gutsure-gutsure kowa na ƙara masa gishiri. Ga shi nan na rubuta duka, duk wanda ya sake tambayata takardar nan zan miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Bukar, aikina duba nama a kwatar Damagaram. Mahauta su yanka, ni in zo da wuƙata in tsaga huhu da hanta da kaluluwa. In na ga lafiya in buga hatimi, in na ga cuta in ce a ƙone. Shekara goma sha bakwai ke nan ina wannan aiki. Mahauta ba sa ƙaunata, ni ma ban roƙe su ba.

Mahaifiyata, Iya Falmata, a Gidimuni take zaune tare da yayata, Yaya Gana. Iya tana da wata jar saniya, jikanyar wadda uwarta ta bar mata. Auta take kiranta, alhali ga ni da raina, ni ne autanta na gaskiya. Kullum safiya da hannunta take tatsarta, ta kafa kai a ƙwarya ta sha da ɗuminsa. Idan ka ce a tafasa sai ta ce wuta tana kashe albarkar nono.

Bara Iya ta fara tari. Ta rame, zani ya daina zama a ƙugunta. Na kawo ta Damagaram aka auna kakinta, lokotoro, wato likita, ya ce tarin fuka ne. Ya ba ta jajayen ƙwayoyi, uku kowace safiya, ya ce a cikin kowace ƙwaya magani huɗu aka haɗa, in ta jure wata shida za ta warke. Na so ta zauna gidana, ta ce ita ba ta barin Auta a hannun maƙwabta. Muka mayar da ita Gidimuni, Yaya Gana ta ɗauki nauyin tsayawa a kanta.

Da aka cika wata uku aka sake auna kakin. Ƙwayar cutar tana nan daram. Lokotoro ya cire tabarau ya dube ni.

"Malam Bukar, tsohuwar nan tana shan ɗanyen nono?"

Ni da nake ƙone huhun shanun mutane saboda wannan cuta, ban taɓa sa hannu a wuyan saniyar uwata ba.

Ya ce akwai tarin mutane, akwai na shanu, kuma na shanun yakan kama mutum ta nono. Ƙwayar ta shanu tun halittarta ba ta jin ɗaya daga cikin magungunan nan huɗu. In ita ce a jikin Iya, to da uku muke yaƙi ba da huɗu ba, kuma ba mu san ko ukun ma duk suna aiki ba. Na'urarsu labarin magani guda kawai take iya bayarwa. Amma ya san wata mata a Kano, Dakta Rabi, da ke da injin karanta cikin ƙwayar cutar. Ya rubuta mini takarda da Faransanci, ya buga mata hatimi biyu. Ya ce in kai kakin Iya kwalba biyu da nonon saniyar kwalba ɗaya, su isa cikin yini guda, kuma kada su yi zafi. In suka yi zafi aikin banza na yi.

Tsakiyar bazara ce. Na naɗe kwalaben cikin leda ninki uku, na jera su a gilasiya, akwatin nan na riƙe sanyi, na cika da ƙanƙara, na liƙe murfin da salatif. Da sassafe ina tasha.

Motar irin mai cin mutum goma sha takwas ce, aka zuba mana ashirin da biyu. Na rungume gilasiya a cinya. A damana wata Hajiya ce mai kai cuku, busasshen nonon nan, Kano, a haguna wani tsoho mai carbi. Ba mu bar gari ba tsohon ya taɓa ni.

"Yaro, ɗan sam mini ruwan sanyi mana."

Na ce Baba ba ruwa ba ne, kayan likita ne. Ya ce madalla, dama gwiwarsa ta dame shi, ko akwai na gwiwa? Na ce babu. Ya ce to na mene ne? Raina ya ɓaci, ga zafi ga matsi, sai kawai na ce kakin mai tarin fuka ne.

Ban taɓa ganin wuri ya samu a mota da sauri haka ba. Tsohon ya manne da taga, na baya suka ja hancinsu cikin riga. Direba ya taka birki ya ce wallahi sai dai a ɗora abin nan a saman mota. Saman mota, cikin wannan rana. Na ce in gilasiya ta hau sama ni ma can zan zauna. Muna cikin haka Hajiya mai cuku ta sa baki.

"Malam, a rufe yake?"

"Ninki uku, Hajiya."

"Na waye?"

"Na mahaifiyata."

Ta juya wajen direba ta ce ya ja mota, ita ta yi jinyar mijinta da wannan ciwo wata shida a ɗaki guda, ga ta nan ba ta mutu ba, balle kwalba a cikin leda. Ta ciro wani buhun algarara daga kayanta, ta jiƙa shi da ruwan butarta, ta lulluɓe mini gilasiyar. Har muka rabu ban tambayi sunanta ba, abin yana damuna har yau.

Bayan Matamai taya ta fashe. Safayar ma ba iska. Direba ya hau babur ɗin wani ya koma gari da ita, mu muka zauna ƙarƙashin gawo wajen awa biyu. Ni ban zauna ba. In inuwa ta matsa in matsa da gilasiya. Da na ɗan girgiza ta sai na ji ruwa yana kai da komo a ciki, ƙanƙarar ta fara narkewa. Na fara lissafin abin da zan gaya wa Iya idan na koma na ce ta sake yin kaki, ita da sai da Yaya Gana ta yi kwana biyu tana lallashi kafin ta yarda ta tofa a kwalba.

A kan iyaka, jami'an ɓangarenmu suka karanta takarda suka ce Allah ya ba da lafiya. Da muka tsallaka sai wani jami'i dogo ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce shi ba ya jin Faransanci, in buɗe kular nan. Su kula suke ce wa gilasiya. Na ce ranka ya daɗe, in na buɗe sauran sanyin zai fita, kuma abin da ke ciki ba na buɗewa a bainar jama'a ba ne. Ya ce duk wanda ya zo nan haka yake faɗa. Na roƙa, na rantse, na nuna masa katin aikina. Ya ce ba ƙaryata ni yake yi ba.

"Aikina ne in duba, Malam. In ban duba ba me nake yi a nan?"

Kalmomin da nake gaya wa mahauta ke nan, harafi da harafi, in suna roƙona a kan saniyar da suka zuba jarinsu. A ranar na san yadda fuskata take a idonsu. Daga ƙarshe na kira Dakta Rabi a waya na miƙa masa. Suka yi Turanci na ɗan lokaci, ya miƙo mini wayar da yatsa biyu, ya ja da baya taku uku, ya ce in wuce Allah ya sawwaƙe.

A Daura na sauka neman ƙanƙara. Shago huɗu na shiga, kowa ya ce ba wuta tun jiya. Sai wata mata a bakin tasha mai firiza da janareto, ita kuma ba ta da komai sai zoɓo daskararre a leda. Na saye shi duka. Na shiga bayan wata rumfa, na zubar da ruwan ƙanƙara, na jera zoɓo kewaye da kwalaben, na sake liƙewa.

Mun shiga Kano bayan la'asar. Ku da kuke tambayata yaya birni, abin da na gani shi ne bayan wuyan mai adaidaita sahu da murfin gilasiya. Na dai lura mutanen can gaisuwarsu gajera ce. Kafin ka gama tambayar gida da iyali da gajiya, mutum ya yi nisa.

Dakta Rabi 'yar ƙaramar mace ce, mai saurin magana, rabi Hausa rabi Turanci. Ta sa safar hannu da takunkumi ta buɗe gilasiyar a cikin wani akwatin gilashi. Leda biyu sun fashe, kwalaben suna iyo cikin jan ruwa. Ta ɗago a firgice.

"Jini ne wannan?"

"Zoɓo ne, Dakta."

Ta yi dariya har ta dafa teburi. Ta taɓa kwalba ta ce da sauran sanyi, za su yi. Sai a lokacin na nemi kujera na zauna.

Ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce kowace ƙwayar cuta tana da rubutu a cikinta, kamar allon da aka cika da baƙi. Magani wani wuri yake nema a jikinta ya kama. In harafi ɗaya ya sauya a rubutun, sai maganin ya zo ya rasa inda zai riƙe. Ta shanu da nata sauyin aka haife ta, shi ya sa magani ɗaya ba ya cin ta ko a ina take a duniya. Sauran ukun kuwa mutane ne suke koya mata. In mara lafiya yana shan rabi yana barin rabi, raunanan ƙwayoyin su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa.

"Malam Bukar, tana shanye maganinta duka?"

Na ce wallahi tana sha, yayata a kanta take tsayawa kullum. Ta ce to in dawo bayan kwana uku.

Na sauka a Fagge wajen Alhaji Mamadu, ɗan garinmu mai sayar da dabino, a wani ɗaki saman shagonsa. Mutumin kirki ne, sai dai ya zama Bakano. Shayin da ya ba ni ruwan zafi ne da madara a kofi kamar kwanon sha, sau ɗaya tak, ba na biyu balle na uku. Na ce Alhaji ina baradu, butar shayin nan tamu? Ya ce wa yake da lokacin zaman baradu a garin nan? Gurasarsu dai da ƙuli da mai na yaba, duk da ba wani ci nake yi ba. Da rana wata mai fura ta zo ƙofar shago, Alhaji ya ce a dama mana. Na tambaye ta ko an tafasa nonon kafin ya yi tsami. Ta dube ni sama da ƙasa ta tambayi Alhaji ko baƙon nasa lafiya yake. Na ce na ƙoshi. Ni da aka yaye ni da fura, sai ga shi ina kallon ƙwarya kamar abin da zai cije ni.

Rana ta biyu da hantsi waya ta yi ƙara. Yaya Gana ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Bukar, kana zaune?"

Na ce me ya samu Iya?

Ta ce Iya tana nan. Jiya ta je wanke ƙwaryar da ake jiƙa wa Auta dusa, sai ta ga cikinta ya rine ja, jan da ba ya fita da wanki. Ta yi shiru da bakinta. Yau da safe ta ba Iya ƙwayoyi uku kamar kullum, Iya ta kai hannu baki ta kora da ruwa. Yaya Gana ta yi kamar ta shiga madafa ta laɓe. Sai ga Iya ta buɗe tafin hannu, ƙwaya biyu suna ciki. Ta tashi da sandarta ta je ta murtsuke su cikin dusar saniya.

"Tun yaushe?"

"Ta ce tun da Auta ta fara tari. Wata biyu ke nan."

Na ce ta ba ni Iya. Na yi niyyar in yi faɗa, ban taɓa ɗaga mata murya ba amma ran nan na yi niyya. Ta riga ni.

"Ita ma tari take yi, Bukar. Ina kwance ina jin ta. In sha magani tana kallona? Ta fi ni girman jiki, shi ya sa na ba ta biyu. Kai da kake lokotoron shanu, ka taɓa kawo mata ko ƙwaya ɗaya?"

Na ce Iya Allah ya ba ki haƙuri, daga yau dai ki shanye. Ta ce ta ji.

Na ɗauki takalmi na koma wajen Dakta Rabi, na ce na zo in janye rantsuwata. Na gaya mata komai. Ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta ce gara da na faɗa, yanzu ta san abin da za ta nema. Na ce Dakta ki gaya mini gaskiya, in duk huɗun sun tafi fa? Ta ce akwai wasu magungunan, amma masu wahala ne, a shekarun Iya ba ta so a kai can. Ta ce in je in jira gobe.

Yinin nan ban san yadda ya wuce ba. Alhaji Mamadu ya ja ni kasuwa don in sake, ina bin sa kamar akuyar da aka saya. Tsoro nake ji ƙwarai, kuma haushin kaina ya fi tsoron yawa.

Washegari ta shimfiɗa mini wata takarda mai layuka-layuka, ta bi su da bakin biro. Ƙwayar da ke kakin Iya da wadda ke cikin nonon iri ɗaya ce, ta shanu. Magani na farko dama ba ya cin ta. Na biyu ma ya tafi, rubutun ya sauya. Saura biyu, kuma cikin ikon Allah babban cikinsu yana nan. Za ta rubuta wa lokotoronmu ya ƙara wani na dabam a kan biyun, a sake lissafi daga farko, wata tara ko fiye.

"Amma Malam Bukar, in ta ƙara raba maganin nan, babban zai bi sauran. Saniyar kuma ba sai na gaya maka ba. Ka fi ni sanin abin da ake yi."

Na sani. Ba a yi wa saniya maganin wannan cuta.

Dawowa ba labari. Jami'in nan dogo ya gane ni, ya tambayi mai jiki, bai ko dubi gilasiyar ba. Ban tsaya gida ba, na wuce Gidimuni. Na tarar da Iya a inuwar dabino bayan gida, saniyar tana ɗaure kusa da ita. A karon farko na dube ta da idon aiki. Haƙarƙarinta a waje, kaluluwar wuya kamar ƙwan kaza, hantsarta ɓangare ɗaya ya yi tauri. Da a kwata na gan ta, tun daga ƙofa zan gane.

Na durƙusa na gaya wa Iya duk abin da aka ce, ban rage ba. Ta dubi saniyar.

"Ni na sa mata, ko ita ta sa mini?"

"Ita ce, Iya. Ta nono."

"Ba da saninta ba."

"Ba da saninta ba."

Ta tambaya ko za a ci naman, a ce ko sadaka a yi da shi. Na ce sai na buɗe na gani, amma kada ta sa rai. Ta miƙe da kyar, ta ƙi hannuna, ta je turke ta kwance igiyar da kanta ta miƙo mini. Sannan ta shiga ɗaki ta saki labule.

Ni na buɗe Auta a kwata. Huhunta cike da ƙulli-ƙulli masu ruwan ɗorawa, hantsar ma haka, har cikin haƙarƙari. Na ce a ƙone duka. Mahautan da kullum sai mun yi cacar baki, ran nan su suka taya ni. Babbansu da kansa ya kama ƙafa aka ɗora a amalanke.

An auna Yaya Gana, ita lafiya lau, ashe ƙin nonon da take yi tun tana yarinya ya yi mata rana. Iya yanzu tana gidana a unguwar Birni, nan Damagaram. Ba ta yi gardama ba, ta ce babu abin da ya rage mata a Gidimuni. Ƙwaryar dusar kawai ta ce a taho mata da ita, na ƙona cikinta da ruwan zafi na ba ta, tana nan kife a kan akwatinta. Sai nan da wata biyu za a sake auna kakinta, kafin nan ba wanda ya san ko maganin yana ci. Ramar da kuke gani ke nan, Sani, ba mata ba ce.

Kowace safiya bayan salla ni nake kai mata ƙwayoyin. Ba ta yi mini maganar saniyar, ni ma ba na yi. Takan karɓa ta watsa a baki, ta kora da ruwa. Sai ta buɗe mini tafin hannunta na dama, ta buɗe na hagu, ta buɗe baki ta ɗaga harshe kamar yarinya. Ranar farko kunya ta kama ni, na kau da kai na ce Iya ya isa, na yarda. Ta kamo haɓata ta juyo da fuskata.

"A'a, duba da kyau, Bukar. Ai duba ne aikinka."

Tun daga ranar nake dubawa.